Robar da ake zura wa bakwaini ta cibiya ko ta hannu: mene ne haɗarinta?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Maiɗakina ta haifi bakwaini a wata na bakwai, nauyinsa kilo 1.1, yana cikin kwalba. Tun ranar farko aka zura masa wata roba ta cibiya. Yau kwana shida, sun ce za su cire ta su sa wata ta hannu wadda za ta tafi har kusa da zuciya, kuma sun ba ni takarda in sa hannu. Mahaifiyata ta ce kada in yarda. Mene ne haɗarin wannan roba, kuma dole ne sai an sa ta?

Wa alaikumus salam Malam. Barka da arziki, Allah Ya raya mana, Ya ba mai jego lafiya. In likitocin da ke kansa sun ce yana bukatarta, shawarata ka sa hannu. Amma tsoron Hajiya ba na banza ba ne. Robar tana da haɗari na gaske, kuma gara ka san shi dalla-dalla da a sallame ka da "ba komai".

Jaririn da ya zo da kilo 1.1 hanjinsa bai yi ƙwarin ɗaukar cikakken abinci ba. Ana fara masa nono ne da mililita ɗaya ko biyu ta siririyar robar da ke zuwa ciki, ana ƙarawa a hankali, a ɗauki mako ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, kafin nonon ya ishe shi. Kafin nan dole abincinsa ya bi ta jini: suga, furotin, mai, da sinadarai irin su kalsiyam. Wannan ruwa yana da ƙarfi, yana cin ƙananan jijiyoyi. Kanular da aka saba sawa a bayan hannu ba a bi da ruwan sugan da ya wuce kashi 12.5 cikin 100 ta cikinta, kuma a jikin bakwaini da wuya ta wuce kwana biyu ko uku ba ta lalace ba. Duk lokacin da ta lalace sai an buɗe kwalba, ana ta sukarsa ana neman wata jijiyar, jikinsa yana yin sanyi. In kuma ruwan kalsiyam ya tsiyaye ƙarƙashin fata, yakan ƙona wurin ya bar tabo har girma. Shi ya sa ake neman babbar jijiya, inda jini ke gudu da yawa ya sirka ruwan nan take.

Ta cibiyar, wadda za ka ji suna kira UVC, tana bin hanyar da jini ke bi daga mabiyiya zuwa jariri tun yana ciki. Daga cibiya ta haura wajen hanta, ta bi wata 'yar gajeriyar hanya da ke ratsa hantar, ta faɗa babbar jijiyar da ke kai jinin ƙasan jiki zuwa zuciya. Ana so tsininta ya tsaya a ƙofar zuciya, kada ya shiga. A hoto wannan yana kamawa wajen ƙashin baya na 8 zuwa na 9 na ƙirji, daidai tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Ta hannun kuwa, PICC, siririya ce ƙwarai, ta 'yan ƙananan bakwaini kaurinta bai kai rabin milimita ba. Ana shigar da ita ta jijiyar gwiwar hannu ko ta ƙafa, a yi ta turawa a hankali har ta isa babbar jijiya. Ba kowane asibiti ba ne a ƙasar nan yake da ita. Dalilin canjin da suke son yi shi ne ta cibiya ba ta daɗewa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, a ka'idojinta na 2011 ta ce iyakarta kwana 14 in an kula da tsabtarta sosai, amma ɗakunan jarirai da yawa ba sa barin ta wuce kamar mako guda, domin haɗarin shigar ƙwayoyin cuta yana hauhawa da kwanaki. Ke nan maganar da suka kawo maka a rana ta shida tana kan hanya.

Matsalolin robar, ko ta cibiya ko ta hannu, kusan duk suna komawa ga abu uku: inda tsininta ya tsaya, hannun da ke taɓa ta, da kwanakin da ta yi a jiki. Zan fi daɗewa a kan na farko, ba don ya fi yawa ba, sai don shi ne ke kisa cikin mintuna kuma shi aka fi mantawa da shi.

Zuciya tana zaune ne cikin wata 'yar jaka ta tantani. Bangon ɗakinta na sama na dama, inda manyan jijiyoyi ke zuba jini, a jikin bakwaini siriri ne ainun. In tsinin robar ya wuce ƙofa ya shiga ɗakin ya jingina da bango, duk bugun zuciya sai ya goge shi, sau 140 zuwa 160 a minti, ga kuma ruwa mai ƙarfi yana zuba a wuri ɗaya dare da rana. Ba ma sai ya huda ba. Ruwan kan cinye bangon ya riƙa tsattsafowa cikin jakar. Jakar ba ta saurin miƙewa, don haka ruwa kaɗan ya isa ya matse zuciya ta kasa buɗewa ta karɓi jini. A gefen gado abin yakan zo haka: jaririn da aka duba da safe lafiya ƙalau, sai kwatsam ya yi fari fat ko ya yi toka-toka, bugun zuciya ya yi sama sannan ya faɗo, a ƙara iskar oksijin ba canji, a danna ƙirji ba amsa. Yana kama da ƙwayoyin cuta sun bi jini, shi ya sa wani lokaci ake ɓata lokaci wajen canza allurai. Maganinsa shi ne a tsayar da ƙarin ruwan nan take, a soka allura ta ƙarƙashin ƙashin tsakiyar ƙirji a zuƙe ruwan. Abin da ke fitowa a sirinji sau da yawa ba jini ba ne, ruwan da ake ƙara masa ne, fari in akwai mai a ciki, kuma jariri kan farfaɗo a gaban idonka.

A shekarar 2001 Ma'aikatar Lafiya ta Ingila ta fitar da rahoton bincike kan rasuwar jarirai huɗu a yankin Manchester ta wannan hanya, ta ba da shawarar kada a bar tsinin roba cikin zuciya. A 2002 kuma mujallar Pediatrics ta buga nazari kan jarirai 61 da ruwa ya taru musu a jakar zuciya: cikin waɗanda aka zuƙe wa ruwan kashi 8 cikin 100 ne suka rasu, cikin waɗanda ba a zuƙe wa ba kuwa kashi 75. Masu nazarin sun ce a ajiye tsinin santimita 1 daga inuwar zuciya a hoton bakwaini, santimita 2 a na cikakken jariri. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kada ya hana ka barci. Amma ka'idar da nake koya wa ƙananan likitoci ita ce, duk jaririn da ke da wannan roba ya faɗi ba zato, a ɗauka ruwa ne a jakar zuciya har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Abin da ke rikitar da lamarin shi ne tsinin ba ya zama inda aka ajiye shi. Kututturen cibiya yana bushewa yana motsewa a kwanakin farko, sai ya ja robar ciki. Cikin jariri ya kumbura ko ya saɓe, ta motsa. Ta hannu kuwa, ɗaga hannu da lanƙwasa gwiwa kawai suna matsar da tsininta gaba ko baya. Don haka hoton da aka ɗauka ranar da aka sa ta shaida ce ta wannan ranar kaɗai. Inda akwai na'urar sikanin da wanda ya iya, ta fi hoton eksire nuna ainihin inda tsinin yake, kuma ba sai an motsa jariri daga kwalba ba. Tsinin da ya shiga zuciya yana iya sa ta ruɗe ta yi ta bugawa da tsananin sauri, kuma galibi da an ɗan janyo robar baya sai bugun ya daidaita. Janyowa halal ne. Amma robar da ta zamo waje ba a sake tura ta ciki, domin sashen da ya fito ya riga ya kwashi ƙwayoyin cuta.

Ita ta cibiya tana da tata matsalar ta daban, wato hanta. Wani lokaci maimakon ta bi gajeriyar hanyar nan, sai ta kauce ta shiga reshen jijiyar da ke kai jinin hanji cikin hanta. In aka ci gaba da zuba ruwa mai ƙarfi a nan, yana kashe naman hantar, ya taru ya yi gurbi, ya iya zama ƙurji mai mugunya, ko ya fashe ya cika ciki, a ga cikin jariri ya kumbura yana ƙyalli. Robar da ta tsaya a ƙasa da hanta ana iya lallaɓawa da ita na ɗan lokaci da ruwa marar ƙarfi, amma ba a ba da cikakken abincin jijiya ta nan. Akwai kuma wadda ke zuwa shiru: jini ya daskare a cikin jijiyar hantar. Yawanci gudan yana narkewa da kansa ba wanda ya sani. A wasu yara kaɗan jijiyar tana toshewa ɗungum, sai bayan shekaru a ga saifa ta kumbura, ko yaro ya yi aman jini. A wajenmu yaro mai kumburarriyar saifa maleriya ko sikila ake fara ɗora wa, da wuya wani ya tambayi abin da aka yi wa cibiyarsa yana jinjiri. Saboda haka ka adana takardar sallama, kuma duk likitan da ya duba shi nan gaba kan ciwon ciki ka gaya masa an taɓa sa masa roba ta cibiya.

Cikin manyan matsalolin robar, wadda ta fi yawa ita ce shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Ƙofarsu biyu ce: fatar wurin da robar ta shiga, da mahaɗar waje inda ake jona sirinji da ledar ruwa. Ta biyun ta fi aiki in robar ta daɗe, domin a yini ana buɗe ta sau da yawa. Da ƙwayoyin sun samu shiga sai su manne a jikin robar su lulluɓe kansu da wata yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai, su riƙa watsuwa cikin jini daga can. Kada ka jira zazzaɓi, bakwaini ba kasafai yake yi ba. Alamunsa su ne ɗaukewar numfashi jefi-jefi, nono ya riƙa tsayawa a ciki ba ya wucewa, jiki ya yi sanyi ko ya saki, suga ya hau, fata ta yi dabbare-dabbare, ko kawai nas ɗin da ta saba da shi ta ce yau yaron nan bai yi mata ba. Maganar irin wannan nas ba a wasa da ita.

A Turai da Amurka ƙwayar da ta fi kama roba ita ce Staphylococcus epidermidis, wadda ke zaune a fatar kowa, kuma ba ta cika saurin kisa ba. Mu namu ya fi tsanani. Binciken BARNARDS da aka yi a ƙasashe bakwai na Afirka da Kudancin Asiya, ciki har da asibitoci a Kano da Abuja, wanda aka buga sakamakonsa a 2021, ya nuna Klebsiella na kan gaba cikin ƙwayoyin da ke bin jinin jarirai, kuma da yawa ba sa jin magungunan da aka saba farawa da su. In gwajin jini ya nuna Klebsiella da danginta, ko Staphylococcus aureus, ko fangas ɗin nan Candida, cire robar ake yi ba jinkiri, ko da samun wata jijiyar zai yi wuya. Ƙwayar fatar nan, epidermidis, ita ce aka fi gwada wa magani roba tana ciki, ita ma in gwaji ya ci gaba da nuna ta sai a cire.

Rigakafinsa ba na'ura ba ce mai tsada. A 2006 an buga sakamakon wani aiki a ɗakunan kulawa ta musamman 103 na manya a jihar Michigan ta Amurka, inda matakai biyar, daga wanke hannu zuwa cire robar da aikinta ya ƙare, suka sauko da matsakaicin kamuwa daga 2.7 a kowane kwana 1,000 na roba zuwa sifiri cikin wata uku. Ɗakunan jarirai sun ɗauki tsarin suka gyara shi daidai da nasu. In ka tsaya ka lura za ka gane ko ana bi: nas ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta ɗauki auduga mai sifirit ta murza mahaɗar da ƙarfi na daƙiƙa 15, ta jira ta bushe, sannan ta jona sirinji, ba ta bari bakinsa ya taɓa zanen gado ba. Daƙiƙa 15 ba komai ba ce a baki, amma ga nas ɗaya mai jarirai cike da ɗaki da tsakar dare, famfo kuma ba ruwa, ita ce ta fara salwanta. Ni a ganina wannan ne ainihin ma'aunin ko ɗaki ya cancanci sa PICC, ba iya zura ta ba. Ko maganin goge fatar ma sai da lura. A 2014 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi cewa chlorhexidine yana iya ƙona fatar bakwainin da aka haifa kafin ciki ya kai mako 32 in aka bar shi ya kwanta a ƙarƙashinsa, aidin kuma yana ratsa fata ya taɓa maƙoƙo, don haka ɗan kaɗan ake sawa a goge ragowar.

Ku ma kuna da naku. Duk mai taɓa shi ya wanke hannu har gwiwa, ya cire zobe da agogo. Kada a gasa cibiya, kada a shafa mata komai, ko bayan an cire robar. In Hajiya za ta yi masa addu'a da tofi, ta yi daga wajen kwalba, addu'a ba ta bukatar a buɗe murfi.

Sai kuma daskarewar jini. Kusan 9 cikin 10 na gudajin jinin da ake samu a jijiyoyin jarirai roba ce sanadinsu, domin jijiyar ƙarama ce, robar tana cike wani kaso nata. Akan gane ta ne in hannu ko ƙafa ko fuska ta kumbura, ko robar ta toshe, ko ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini suka yi ta raguwa ba dalili, ko gwaji ya ƙi daina nuna ƙwayoyin cuta duk da magani. Wasu ɗakunan suna sa ɗan heparin kaɗan, wato maganin hana jini daskarewa, a cikin ruwan don robar ta daɗe ba ta toshe ba. Maganin tsinka jini na sosai kuwa ba a gaggawar ba bakwaini, saboda jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa suna da saurin fashewa, sau da yawa cire robar da bibiya da sikanin sun wadatar.

Sauran ba su da yawa amma ka san da su. Duk jinin jikin ɗanka wajen mililita 100 ne kawai, kamar cokalin cin abinci bakwai, don haka mahaɗa ta kwance ba a lura ba na 'yan mintuna babbar asara ce, shi ya sa ba a son a rufe cibiya mai roba da zane ko famfas. Iska tana iya shiga ta robar da aka bari a buɗe. Siririyar PICC tana fashewa ko ta tsinke in aka matsa mata da ƙaramin sirinji, domin ƙaramin sirinji ya fi babba ƙarfin turi, shi ya sa ake wanke ta da mai mililita 10. Ruwa yana iya taruwa a gefen huhu. Wadda aka sa ta ƙafa, musamman ta hagu, takan kauce wani lokaci ta bi jijiyar da ke gefen ƙashin baya, ruwan ya isa wajen laka, jariri ya kama jijjiga.

Ga masu karatu da za su haɗu da robar cibiya ta wata hanyar: a asibitocinmu an fi sa ta ne don canjin jini ga jaririn da shawara ta yi wa yawa. Wannan aikin awa ɗaya ne ko biyu, galibi ana gamawa a cire. Haɗarinsa bai kama ƙafar abin da shawara ke yi wa ƙwaƙwalwa ba in aka tsaya ana shawarwari har gari ya waye.

Kafin ka sa hannu ka tambayi wa zai sa ta, kuma ko za a ɗauki hoto a ga inda ta tsaya kafin a fara bi da ruwa. Bayan an sa, a lokacin zagayen safe ka riƙa tambayar abu biyu cikin girmamawa: yaushe aka duba tsininta na ƙarshe, kuma yau ma ana bukatarta? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan, shi ma tambayar da ya kamata ya yi wa kansa ke nan.

Abin da ke saurin fitar da robar daga jikinsa kuwa yana hannun mai jego. A mafi yawan ɗakuna ana cire ta da zarar jariri ya kai yana shan kimanin mililita 120 na nono a kowane kilo a yini, ga ɗanka wajen mililita 130 ke nan. Nonon uwa ne hanjin bakwaini ya fi karɓa, kuma yana rage haɗarin ruɓewar hanji da ke sa a dakatar da abinci a koma kan roba. Ta riƙa tatsa kamar sau takwas a yini har da dare, ko ɗigo nawa ya fito a kai, ta ci ta ƙoshi, a ɗauke mata hidimar 'yan barka. Ranar cirewa za a janyo robar a hankali, a auna tsawonta a tabbatar ta fito cif yadda aka rubuta ranar sawa, a danne wurin har jini ya tsaya, sannan a sa masa ido sosai na kwana ɗaya ko biyu, domin wani lokaci ƙwayoyin da ke manne a jikinta sukan watsu a daidai lokacin cirewa.